Tamfon mai bututu: yadda ake zaɓensa da sanya shi lokacin al'ada

Tamfon dunƙulen auduga ne, wani lokaci gauraye da zaren reyon, da aka matse ya yi kamar tsawon ɗan yatsa. Cikin farji ake sanya shi, ya tsotse jinin al'ada tun bai fito ba, saɓanin audugar mata da ƙunzugu masu tare jini daga waje. Mai bututu yana zuwa ne cikin bututu biyu na kwali ko roba, ƙarami a cikin babba, don mace ta tura shi ba tare da ta sa yatsa ba. Wani likita ɗan Amurka, Earle Haas, ya nemi rajistar wannan ƙira a 1931, sannan Tampax ya shiga kasuwa a 1936.

Girman da aka rubuta a jikin kwali ba na jikin mace ba ne, na yawan jinin da audugar ke iya riƙewa ne. Bisa ma'aunin Amurka, Regular na ɗaukar giram 6 zuwa 9, Super 9 zuwa 12, Super Plus 12 zuwa 15. Ƙa'idar ita ce a ɗauki mafi ƙanƙanta da zai wadatar. Idan ya jiƙe sharkaf kafin awa huɗu, a ƙara girma. Idan an zo cirewa an ji shi a bushe yana kankarar jiki, ya yi yawa. Bututun roba ya fi santsi ga mai farawa. Mai turare kuwa ba shi da wata fa'ida, sau da yawa ma ƙaiƙayi yake jawowa.

Wajen sanyawa, sai a wanke hannu, a tsuguna ko a ɗora ƙafa ɗaya kan wani abu. A riƙe babban bututun daga gindinsa, a shigar da shi a karkace yana fuskantar ƙugu ta baya, har yatsu su taɓa jiki. Daga nan a danna ƙaramin da manuniya har ƙarshe, a zare su duka biyun, a bar zaren yana reto a waje. Wanda ya zauna daidai ba a jin sa. Idan yana tokare, bai shiga sosai ba. Ba ya ɓacewa cikin jiki, domin bakin mahaifa ya yi masa ƙanƙanta, ba ya kuma hana fitsari, tunda hanyarsa daban ce. Tantanin budurci yana da kafar da jini ke bi, ƙaramin tamfon yakan wuce ta nan, ko da yake yana iya buɗa ta.

Inda haɗari yake shi ne lokaci. Ana canza shi duk awa 4 zuwa 8, kuma ma'aikaciya ko 'yar kasuwar da ta yini a shago tana iya shafa'a. Barin sa ya daɗe na iya ba ƙwayar cutar Staphylococcus aureus damar sakin guba cikin jini. Ciwon ba kasafai yake faruwa ba, amma yana kisa: a 1980 sai da kamfanin Procter & Gamble ya janye samfurinsa Rely daga kasuwannin Amurka bayan an danganta shi da ciwon. Alamominsa zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, amai, gudawa, jiri da jan fata kamar ƙuna. Duk wadda ta ga haka ta cire nan take, ta nufi asibiti, ta kuma shaida wa likita cewa tana amfani da tamfon.

Mai jego ba ta sanya shi don jinin biƙi, haka nan ba a sa shi kafin al'ada ta zo. Bayan cirewa a naɗe shi a jefa a kwandon shara, domin yana toshe masai na ruwa.