Daga Fallomi zuwa Njamena: Tarihin Tsoro a Bakin Shari

Duk wanda ya zauna da dattawan Milezi ya ji suna cewa a da mutum kan kwana ƙofarsa a buɗe. Akwai ƙari a maganar, kamar yadda aka saba da hirar jiya, amma tana da tushe.

A shekarar 1900 Faransawa suka kafa Fort-Lamy, wadda tsofaffinmu ke kira Fallomi, bayan yaƙin Kusuri inda Rabe da Lamy suka mutu rana guda. Hausawa sun shigo garin a matsayin fatake da maniyyata masu bin hanyar Makka ta ƙasa, wasu suka yada zango har abada. A tsarin wancan zamani baƙo ba ya sauka sai da mai masauki, shi kuma yana ƙarƙashin idon bulama. Idan kaya suka ɓata, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Wannan sanayya ce ta tsare unguwa, fiye da kulkin ɗan sanda.

Yaƙi ya warware ta. A Fabrairun 1979 aka gwabza a tsakiyar birni, sannan daga Maris zuwa Disambar 1980 dakarun Goukouni Weddeye da na Hissène Habré suka mai da tituna fagen daga. Dubban mutane suka haye Shari da kwalekwale zuwa Kusuri, suka bar gidaje ga masu wasoso. Da aka dawo, maƙwabta sun canza, bindiga kuma ta shiga hannun da bai kamata ba. A ganina, yawancin fashin da muke kuka da shi a yau, har da ƙwacen babur daga 'yan kilando, jikan wannan zamani ne.

Bayan harin 'yan tawaye na Fabrairun 2008, gwamnati ta haƙa rami kewaye da birnin, ta sare manyan itatuwan titin Charles de Gaulle. A 2015, da Boko Haram ta kai hari kan hedikwatar 'yan sanda da babbar kasuwa, aka hana sanya burƙa, aka yawaita shingayen bincike. Duk waɗannan matakai ne na tsaron mulki daga abokin gaba na waje. Ɓarawon da ke tare mai babur bayan isha'i a kan hanyar Farcha yana cikin ramin tare da mu, kuma ba lallai bulama ya san sunansa ba.