Fasfo da biza: abin da tarihin Tsibiri da Maraɗi ke nuna mana

A yau masana suna auna ƙarfin fasfo da yawan ƙasashen da mai shi zai iya shiga ba tare da ya nemi biza tun daga gida ba. A shekarar 2024, fasfon Singafo yana buɗe ƙofar ƙasashe fiye da 190, na Nijar kuwa bai kai 70 ba. A cikin wannan ƴar maƙala muna so mu nuna cewa wannan ma'auni bai isa ya bayyana halin matafiyin yankinmu ba.

A ƙarni na 19, bafataken da ya tashi daga Tsibirin Gobir ko Maraɗi ba takarda yake riƙewa ba. Madugu ne ke neman wa ayari hanya, ya biya kuɗin fito, mai masauki kuma ya tsaya wa baƙo. Wato izinin wucewa ya dogara ne ga dangantakar da ke tsakanin sarakuna.

Yarjejeniyoyin Faransa da Ingila na 1898 da 1904 da 1906, da aikin shata iyaka na Tilho da O'Shee daga 1906 zuwa 1908, su ne suka bar Tsibiri da Maraɗi da Jiratawa a hannun Faransa, Katsina kuwa a hannun Ingila. Daga nan ne ziyarar dangi ta zama ƙetare iyaka.

Bayan mulkin kai, hanyoyi biyu suka rabu. Ta fuskar Turai ƙofa ta ƙuntata: a watan Satumba na 1986 Faransa ta wajabta biza ga ƴan ƙasashen Afirka, har da waɗanda ta yi wa mulkin mallaka. Ta fuskar maƙwabta kuwa, yarjejeniyar CEDEAO ta Dakar ta 1979 ta ba ɗan ƙasa damar zaman kwana 90 ba biza.

Amma wannan dama ba ta hana Najeriya rufe iyakarta daga 1984 zuwa 1986 ba, daidai lokacin fari, har mutanenmu suka raɗa wa yunwar suna El Buhari. An sake rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023. A kowane karo, hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ta toshe wa mai takarda, aka koma bin hanyoyin daji. A Janairun 2025 Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙasashen AES kuma suka ɓullo da nasu fasfon.

Ke nan, kamar a zamanin madugai, ƙarfin takarda yana bin dangantakar masu mulki ne. Shawararmu ga ɗalibai masu bincike ita ce, kafin su ƙirga ƙasashen da fasfo ke buɗewa, su fara ƙirga watannin da hanyar Katsina ta yi a rufe, domin ita ce hanyar da abincin talaka ke bi.