Ciwon sanyin mata mai ƙarni: shan Flagyl tare da ƙwayoyin amfani

Cikin cututtukan da mata ke haɗa wa suna ɗaya, "sanyi", akwai wadda likitoci ke kira bajinoz bakteriyan. Alamominta su ne ruwa tsinkakke fari ko ruwan toka daga farji, da ƙarni kamar na kifi, musamman bayan saduwa. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa tana shafar kashi 23 zuwa 29 cikin ɗari na matan da ke shekarun haihuwa. Tana iya jawo haihuwar bakwaini, tana kuma sauƙaƙa kamuwa da Sida.

A farjin lafiyayyar mace akwai ƙwayoyi masu amfani, laktobasil, waɗanda tsaminsu ke hana miyagun ƙwayoyi yaɗuwa. In sun ragu, wasu irin su Gardnerella sai su mamaye wurin. Wanke cikin farji da sabulu da cusa kayan matsi na cikin abubuwan da ke rage su.

Maganin da aka tabbatar shi ne metronidazol, wato Flagyl, miligiram 500 sau biyu a rana har kwana 7. Sai dai ciwon kan dawo wa fiye da rabin mata cikin shekara guda, don maganin yana kashe miyagun ƙwayoyi ne, ba ya maido da masu amfani. Shi ya sa aka gwada ƙara furobiyotik, wato laktobasil masu rai da ake haɗiya ko sakawa.

A wani bincike da aka wallafa a 2006 kan mata 125 a birnin Benin na Najeriya, kashi 88 na waɗanda suka haɗa Flagyl da furobiyotik sun warke bayan kwana 30, alhali kashi 40 ne suka warke da Flagyl kaɗai. A Amurka kuma, a 2020, maganin Lactin-V ya rage dawowar ciwon cikin mako 12 daga kashi 45 zuwa 30. Duk da haka, furobiyotik iri-iri ne, ba kowanne aka gwada ba, kuma babu wanda ke maye gurbin Flagyl.

A Azagor, cikin gundumar Dakoro ta jihar Maradi, ƙasar makiyaya ce, nono ba ya wuya. Nono mai tsami abinci ne mai kyau, amma ƙwayoyinsa ba irin na farji ba ne, kuma ba a cusa shi. Macen da ta ga alamomin, balle mai ciki, ta je CSI ko asibitin gundumar Dakoro ungozoma ta duba ta, don ƙaiƙayi mai farin ruwa kamar kindirmo wata cuta ce dabam da Flagyl ba ya warkarwa. In an rubuta magani, a shanye shi duka ko da ƙarnin ya ɗauke a kwana na uku.