Tarihin sarƙar keke da giyarsa

Yau za mu waiwayi tarihin keke ta ɓangaren da ba mu cika tunawa da shi ba sai ranar da ya tsinke mana a hanya: sarƙa, faranti da giya.

Keke mai feda ya fara yin kasuwa ne a birnin Paris cikin shekarun 1860, a shagon Pierre Michaux. Ba shi da sarƙa sam. Fedar a jikin tayar gaba take, ka taka zagaye ɗaya, taya ta juya sau ɗaya, shi ke nan. Mai son sauri ba shi da wata dabara sai ƙara girman taya. Shi ya sa a shekarun 1870 tayar gaba ta kai wajen mita ɗaya da rabi, mahayi yana can bisa kamar mai raƙumi. Ɗan dutse kaɗan ya isa ya jefo mutum da ka.

Sarƙa ce ta sauko da mahayi ƙasa. A 1880 Hans Renold ya inganta ta a Ingila, sannan a 1885 John Kemp Starley ya fito da keken Rover, wanda sarƙa ke jan tayarsa ta baya. Ga lissafin: in farantin gaba yana da haƙora 44, na baya 22, to taku ɗaya zai juya taya sau biyu. An samu sauri ke nan ba tare da ƙatuwar taya ba.

Sai dai faranti guda ba ya dacewa da kowace hanya. Wanda ke da daɗi a shimfiɗe, shi ne ke kashe gwiwa a hawa. A 1902 aka fito da giya uku ta Sturmey-Archer, a ɓoye cikin cibiyar tayar baya, kamfanin Raleigh kuma ya yaɗa ta. A Faransa kuwa, Paul de Vivie ya yi ta tallata dabarar da ke tura sarƙa daga wannan faranti zuwa wancan.

Abin mamaki, gasar Tour de France da aka fara a 1903 ta daɗe tana ƙin wannan dabara. Shugabanta Henri Desgrange yana ganin sauƙi ne da bai kamaci jarumi ba. Ɗan tsere in ya iso gindin dutse, sai ya sauka, ya kwance tayar baya, ya juya ta ɗaya ɓangaren mai babban faranti. Sai a 1937 aka halatta wa kowa sauya giya bisa tafiya. A 1984 kamfanin Shimano na Japan ya kawo tsarin da kowane dannawa ke kai sarƙa daidai kan faranti na gaba.

A nan wajenmu, keke marar giya bai rasa masoya ba, kuma da dalili: sassansa kaɗan ne, gyaransa ba wuya. Mai ɗaukar buhun hatsi ko jarkokin ruwa cikin rairayi, babban farantin baya ne abokinsa. Sauri zai ragu, amma gwiwa za ta huta. Mu kuma tuna, mai in ya haɗu da ƙura yana cin sarƙa, sarƙar da ta saki kuwa ita ke cinye haƙoran faranti. A goge kafin a sa mai, a sauya sarƙa tun kafin ta ja mana kuɗin faranti biyu.

Allah ya tsare hanya.