Waƙa ko Rajista: Me Kamfanonin "Kawo Mutum" Ke Sayarwa?

Gabatarwa

Maƙalar nan ta dubi kasuwancin da ke yi wa matashi alkawarin shagon waƙoƙi a intanet, muddin ya biya kuɗin rajista kuma ya kawo wasu su shiga a ƙarƙashinsa. Matsayarta ita ce, waƙar da ake saukewa a waya ba ta da ribar da za ta ciyar da jerin dillalai. Duk inda aka ga na sama suna samun kuɗi, to aljihun sababbin shiga ake tatsa. Za a auna wannan da shari'ar BurnLounge a Amurka, sannan da yadda waƙa ke yawo a Mabai da maƙwabtanta na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa a Jihar Katsina.

Shari'ar BurnLounge

An kafa BurnLounge a 2004. Kamfanin ya riƙa sayar wa mutane shafukan sayar da waƙa a kan dala 29.95, ko 129.95, ko 429.95 a shekara, kuma lada mai tsoka na zuwa ne idan mutum ya jawo wasu sun sayi irin shafinsa. A 2007 hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC, ta maka shi a kotu. A 2012 kotu ta yanke cewa tsarin hawa-hawa ne na damfara, ta umarci a biya kusan dala miliyan 17, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar da laifin a 2014. An gano cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu neman ladan ba su mayar da uwar kuɗinsu ba.

Dalilin a fili yake. A lokacin, iTunes na sayar da waƙa ɗaya a kan senti 99, kuma kaso mafi girma na masu haƙƙin mallaka ne. Ragowar ba ta isa a raba wa dillali da ubangidansa da ubangidan ubangidansa. Shi ya sa da aka dakatar da ladan kawo mutane a 2007, cinikin kamfanin ya rushe nan take. Ashe mutane ba waƙa suka zo saye ba.

Kasuwar waƙa a yankin Mabai

A nan lissafin ya fi muni. Manomi ko ɗan acaɓa da ke son sabuwar waƙar Rarara ko tsohon faifan Shata, wurin mai cajin waya yake zuwa ranar kasuwa. Ya miƙa memori, a zura a kwamfuta, a cika masa ita da waƙoƙi da wa'azi da fina-finai a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Da yamma abokansa su kwashe ta Xender ko Bluetooth kyauta. Wannan hanya ba ta buƙatar sabis, don haka ko rufe layukan sadarwa da aka yi a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina a Satumbar 2021, har da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, bai isa ya tsayar da ita ba. Mai data kuma yana da YouTube da Audiomack. To, wa zai sayi waƙa a shagon ɗan rajista?

Abin da ya rage masa ya sayar shi ne rajistar kanta, kuma masu sayen su ne ƙannensa, abokan majalisa da 'yan'uwan matarsa. Idan kowa zai kawo mutum 5, hawa na 12 kaɗai na buƙatar mutum sama da miliyan 244. Dole jerin ya tsinke, kuma na ƙasa ne ke kwana ciki, kamar yadda 'yan Najeriya suka gani da MMM a Disambar 2016 da CBEX a Afrilun 2025.

Hujjar masu goyon baya

Za a iya cewa mawaƙin Hausa na cutuwa da turin waƙa, domin ba ya samun ko sisi daga mai caji, ya dogara ne ga biki, siyasa da liƙi. Wannan gaskiya ne, amma maganinsa yarjejeniya ce tsakanin mawaƙa da masu turawa ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta 2022, ba ƙara hawa-hawan dillalai ba. Wasu kuma na kwatanta tsarin da adashi. Kwatancin bai yi ba: a adashi kowa ya san zubinsa da ranar kwasarsa, a nan kuwa samun mutum ya rataya ne ga waɗanda ba su shigo ba tukuna, wanda shi ne garari da fiƙihu ya hana a ciniki.

Kammalawa

Dokar zuba jari ta 2025 ta haramta tsarin Ponzi, wato biyan tsofaffin shiga da kuɗin sababbi, ƙarara, sai dai hukunci kan zo bayan kuɗin taki da na awaki sun salwanta. Kariyar da ta fi kusa tambaya ce da ya kamata limamai, malaman makaranta da ƙungiyoyin mawaƙa su koya wa matasa: cikin kuɗin da kamfanin ke rabawa, nawa ne ya fito daga masu sauraron da ba su yi rajista ba? Kamfanin da ya kasa nuna wannan adadi a rubuce, kada a ba shi ko kwabo.