Ƙugiyar haruffan Hausa a kwamfuta: yadda jerin zaɓi ke maye gurbin tarin maɓallai

Ƙugiya guda ce ta raba sunan Daura da kalmar ɗaura, kuma ita ce ta raba Kaura, sarautar da tarihin Bayajida da rijiyar Kusugu ya ambata, da ƙaura daga gari. A harshen siyasa ma haka abin yake: ƙasa daban take da kasa, ƙara a kotu daban take da kara. Amma yawancin allunan madannan da ake sayarwa a Najeriya na Ingilishi ne, babu waɗannan haruffa a jikinsu.

Haruffan da abin ya shafa

Takwas ne idan aka haɗa manya da ƙanana: Ɓ ɓ, Ɗ ɗ, Ƙ ƙ, da Ƴ ƴ, wanda aka fi amfani da shi a Nijar, yayin da Najeriya ke rubuta 'y. Kowanne yana da lambarsa a tsarin Unicode: ɓ 0253, ɗ 0257, ƙ 0199, ƴ 01B4. A Microsoft Word, idan aka buga lambar aka danna Alt da X tare, harafin zai fito. Haddace lambobi takwas, tare da 20A6 ta alamar naira, aiki ne mai gundura.

Dalilin da gajerun hanyoyi ke gazawa

Abin da ya fi sauƙin tunawa shi ne haɗa Ctrl da harafin, sai dai an riga an raba waɗannan gurabe. A Word, Ctrl da B na kauraro rubutu, Ctrl da K na saka mahaɗin intanet, Ctrl da D na buɗe tsarin haruffa, Ctrl da Y na maimaita aiki. Wanda ya ƙwace su ya yi asarar ayyukansu, wanda ya zaɓi wasu kuma ya ƙara wa kansa hadda.

Yadda jerin zaɓi ke aiki

Maɓalli ɗaya ake warewa. Da an danna shi, ƙaramin jeri zai bayyana a fuskar kwamfuta ɗauke da haruffan duka, marubuci ya zaɓa, harafin ya shiga inda yake rubutu. Manhajar da aka fi yin wannan da ita a Windows ita ce AutoHotkey, ta kyauta, wadda Chris Mallett ya fitar a 2003, aka saki siga ta biyu a 2022. Umarninta layuka ne da ake rubutawa a fayil mai ƙarshen .ahk. Jerin na iya ɗaukar jimloli ma, misali sunayen ƙananan hukumomin Daura, Sandamu, Zango da Mai'aduwa, domin rubutunsu ya zo iri ɗaya a kowane rahoto. Wayoyi suna bin wannan dabara: idan aka zaɓi Hausa a Gboard aka daɗe da danna k, ƙ za ta bayyana.

Iyakarsa

Jeri yana ƙara danna ɗaya ko biyu ga kowane harafi, don haka mai dogon rubutu zai fi sauri da tsarin madannan Hausa da ke cikin Windows, ko da Keyman ta ƙungiyar SIL. Akwai kuma batun tsaro. Manhajar da ke iya sauraron maɓallai tana iya naɗe kalmar sirri, saboda haka ɗan jarida ko ɗan fafutuka kada ya kunna fayil ɗin da aka turo masa sai ya buɗe ya karanta umarnin da ke ciki, ko ya ba wanda ya amince da shi ya duba.

Amfanin abin ya wuce ado. Ga kwamfuta, zaɓe da zabe kalmomi biyu ne, kuma mai binciken tsofaffin rahotanni da ɗaya yana iya rasa waɗanda aka rubuta da ɗayar.