Motar Iyali Mai Jikin Katako: Tarihinta Da Dalilin Da Ya Sa Fina-finan Amurka Suka Mai Da Ita Abin Dariya

Ranar Lahadin da ta wuce muna zaune a gida nan Agege, yarona ya miƙo mini waya yana ta dariya. Wani tsohon fim ɗin Amurka yake kallo, ga wata doguwar mota koriya shar, gefenta kamar ƙyauren katako, an lafta mata kaya a sama. Ya ce, "Baba, wai da gaske da katako suke ƙera mota?" Na ce masa e, kuma a'a. Amsar tana da ɗan tsawo, shi ya sa na ga ya dace in rubuta ta a nan don masu karatu su ma su ƙaru.

Asalin motar

Irin wannan mota ita ce muke kira wagon, wato mai dogon baya wadda kujeru da wurin kaya duk suna ƙarƙashin rufi ɗaya. Cikakken sunanta na Turanci daga tashar jirgin ƙasa ya samo asali, domin aikinta na farko shi ne kwaso fasinja da akwatunansu daga tasha zuwa otal. A wancan zamani kamfanin mota inji da ƙashin mota kawai yake bayarwa, sai kafintoci su ɗora bodi na katako. Duk wanda ya san manyan motocinmu masu bodin katako da ke kawo albasa da tumatir Mile 12, to ya gane tsarin.

A 1929 kamfanin Ford ya fara sayar da tasa wagon ɗin a kan samfurin Model A. Kamfanin har dazuzzuka da injin yankan katako ya mallaka a jihar Mishigan. Amurkawa suna yi wa waɗannan motoci laƙabi da woodie.

Sai dai katako yana da rigima. Ruwa ya taɓa shi ya kumbura, rana ta buge shi ya tsage, ga ƙara in ana tafiya, ga shi dole a riƙa goge shi ana shafa masa mai a kai a kai. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai ƙarfe ya karɓe fage. Willys ya fito da wagon ta ƙarfe zalla a 1946, Plymouth ya biyo baya a 1949. Buick ne ya yi ta ƙarshe mai katakon gaske a Amurka, a 1953. A Ingila kuwa, ƙaramar Morris Minor Traveller ta ci gaba da katakonta har 1971.

Katakon da ba katako ba

To a nan ne labarin ya yi daɗi. Katako ya tafi, amma ido ya riga ya saba da shi, kuma mutane na yi masa kallon alamar rufin asiri. Sai kamfanoni suka koma manna wata leda mai gam da aka yi wa zanen katako a jikin ƙarfen, su zagaye ta da roba mai kama da itace. Daga nesa ka rantse aikin kafinta ne, in ka matso ka ƙwanƙwasa sai ka ji gwangwani.

Wadda ta fi shahara ita ce Ford Country Squire, da aka yi ta ƙerawa daga 1950 har 1991. Tsawonta ya haura mita 5, injinta babba ne mai silinda 8, akwai kuma ƙananan kujeru can baya inda ake zuba yara. Ita ce motar magidanci mai albashi da ke zaune a unguwannin bayan gari: kai yara makaranta, cefane, sai kuma tafiyar hutu sau ɗaya a shekara.

Fim ɗin da ya gama da ita

Fim ɗin da yarona ke kallo shi ne National Lampoon's Vacation na 1983. John Hughes ne ya rubuta, Harold Ramis ya ba da umarni, Chevy Chase ya fito a matsayin maigida Clark Griswold, Beverly D'Angelo kuma uwargida. Motar da ke ciki, Wagon Queen Family Truckster, babu kamfanin da ya taɓa sayar da ita. Country Squire ce ta 1979 masu fim suka ɗauka suka ƙara mata muni da gangan: fenti kore mai tayar da zuciya, fitilun gaba har guda 8, ledar katako ta ko'ina.

Yadda ya same ta ma abin tausayi ne. Wata shuɗiyar mota ya yi oda. Ya je ɗauka, dillali ya ce ba ta iso ba, amma ga wannan. Da ya ce a ba shi tsohuwar motarsa ya koma gida, ashe tuni an saka ta a injin matse ƙarfe ta zama faifai. Haka ya shigo gida da abin da bai so ba, yana ta yabonta a gaban iyali don kar a ce an cuce shi.

Daga nan suka kama hanya daga Shikago zuwa Kalifoniya, wani wurin wasan yara da ake kira Walley World. Tafiyar ta haura kilomita 3,000, wato kamar ka yi Legas zuwa Kano sau uku. A hanya aka sace murafen tayoyi, motar ta yi tsalle a hamada ta ragargaje, makanikai suka kwashe kuɗin aljihunsa kaf. Wata tsohuwar gwaggo da suka ɗauko ta cika a kujerar baya, suka ɗaure gawar a saman mota. Da suka isa kuma sai suka tarar an rufe wurin ana gyara.

Ba shi kaɗai ba ne. A Harry and the Hendersons na 1987, iyali ne cikin irin wannan mota suka banke wani dodon daji, suka ɗaure shi a rufi suka kai gida. A Christmas Vacation na 1989, iyalan Griswold sun sake fitowa da wata wagon mai ledar katako, wannan karon da ƙatuwar bishiya a sama.

Me ya sa ita?

A ganina, motar da direbanta abu ɗaya ne. Ita tana nuna katakon da ba ta da shi, shi kuma yana nuna wa iyali cewa komai na hannunsa alhali ya rikice. Ana dariya, amma da tausayi a ciki, domin mutumin ba mugu ba ne. So yake yaransa su ji daɗi, ko da zai ƙare ba ko sisi.

Abin mamaki, a ƙarshen shekarar da fim ɗin ya fito, 1983, Chrysler ya fitar da ƙananan bas na iyali, Dodge Caravan da Plymouth Voyager. Dama tun tsadar mai ta 1973 manyan wagon ke tangal-tangal. Iyalai suka koma bas, daga baya jif. Buick Roadmaster Estate ce ta rufe ƙofa a 1996.

Mu ba mu yi yayin ledar katako ba. Tamu wagon ɗin ita ce Fijo 504, wadda aka yi ta harhaɗawa a Kaduna. Amma duk wanda ya taɓa tasowa daga Legas ko Sabon Ibadan zuwa gida hutun Sallah, kariya cike da jarkar manja da doya, yara na tambayar ko an kusa tun ba a wuce Ilori ba, zai gane Griswold ba sai an yi masa fassara ba.

Ni ma na taɓa zama shi. Shekarun baya wani dillali ya sayar mini da mota tana walƙiya, ashe foti aka cika mata aka bi da fenti. Kafin mu kai Mokwa ta tona mini asiri a gaban uwargida da yara, ni kuma ina ta cewa ƙaramar matsala ce. Don haka masu shirin sayen mota kafin tafiya gida, ku je da makanikenku, ku ƙwanƙwasa jikin ku ji, kuma kada ku saki tsohuwar sai sabuwar ta shigo hannu.

Da na gama bayani sai yaron ya ce, "Baba, ashe kai ne a fim ɗin." Ban musa ba.